Funko da Labubu a Legas: yadda za ka bambance ɗan asali da jabu kafin ka tura kuɗi

Jama'a, maganar 'yan tsanar robar nan da ake tarawa, su Funko Pop da Labubu da danginsu, ta daɗe da wuce wasan yara. A Legas yanzu za ka ga saurayi da gemunsa yana aiki a Ikeja ko Lekki ya jera su reras a kanta a ɗakinsa, 'yan mata kuma sun rataya Labubu a jikin jaka, wasu 'yan uwanmu 'yan kasuwa kuma sun hango riba sun fara sarowa suna tallatawa a WhatsApp da Instagram. Toh duk inda kuɗi ya taru masu jabu ba sa jiran gayyata. Kafin wani ya tare ni da batun hukuncin ajiye mutum-mutumi a gida, wannan fagen malamai ne a je a tambaye su, ni ciniki na zo yi wa bayani, wato yadda mutum zai san abin da ya biya kuɗinsa shi aka miƙo masa.

Abin da nake so ya zauna a kai tun daga farko shi ne babu wata alama ƙwaya ɗaya da za ta raba maka gardama. Mutane na son a ce musu duba nan kawai, in ka ga kaza orijina ne, shikenan. Babu wannan. Masu jabun ma suna kallon bidiyoyin da ake koyar da gane jabu, duk alamar da ta yi suna sai su gyara ta a zubi na gaba. Abin da ke kama su shi ne saɓani, wato kwali ya faɗi abu ɗaya, jikin robar ya faɗi wani, farashi ya faɗi na uku, su kasa haɗa bakinsu.

Bari mu fara da kuskuren da ya fi yawa a wajen mutanenmu, da an juya kwali an ga an rubuta China sai a ce ai ɗan China ne, jabu ne. Funko kamfanin Amurka ne, Mike Becker ya kafa shi a 1998 a jihar Washington, a 2005 ya sayar wa Brian Mariotti, sai a 2010 a taron San Diego Comic-Con, bikin baje kolin masoya littattafan zane da finafinai, suka fito da samfurin nan da ake kira Funko Pop mai ƙaton kai da baƙaƙen idanu ƙwala-ƙwala wanda yawanci ko baki ba shi da shi, tsayinsa inci 3.75, kusan santimita 10 kenan. Hedikwatarsu na garin Everett amma ƙirar kanta a China da Vietnam ake yin mafi yawanta. Shi kuwa Labubu ai gaba ɗayansa na can ne, mai zane Kasing Lung ɗan Hong Kong da ya tashi a ƙasar Holan shi ya ƙirƙire shi a 2015, a 2019 ya ƙulla yarjejeniya da Pop Mart, kamfanin da Wang Ning ya kafa a Beijing a 2010. Don haka da na gasken da na bogin duk hanyarsu ɗaya, rubutun China bai gaya maka komai ba.

Me ya sa ake musu jabu haka? Ƙarancin da kamfanonin suka ƙirƙira da gangan. Funko na da wanda suke manna wa sitika mai rubutun Chase, ɗan bambanci kaɗan ne da na gama-gari, ko an canza launi ko an ƙara masa wani abu a hannu, kuma guda 1 ne a cikin kowane 6. Akwai waɗanda aka daina bugawa kwata-kwata, akwai waɗanda a taro ɗaya tak aka sayar da su. Misalin da masu harkar kowa ya sani shi ne wani Funko mai suna Planet Arlia Vegeta da shagon Toy Tokyo ya sayar a taron New York Comic Con na 2014, na gaskensa dubban daloli ake magana, kuma yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya. Pop Mart kuma salonsu rufaffen kwali ne, ba ka san wanne ka saya ba sai ka fasa, a Labubu mai maƙalawa a jaka kala 6 ne a jeri sannan akwai na ɓoye da ke fitowa sau 1 a cikin 72. Tun da mawaƙiya Lisa ta ƙungiyar Blackpink ta Koriya ta Kudu ta nuna nata Labubun a 2024 abin ya haukace, har a watan Yunin 2025 aka yi gwanjon wani ƙato mai tsayin santimita 131 a Beijing a kan yuwan miliyan 1.08, wato kuɗin China. Kai da jin wannan ka san ba za a bar kasuwar nan ta zauna lafiya ba, har suna aka raɗa wa na bogin, Lafufu.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a fahimta, don in ka gane yadda ake yin jabun, rabin alamomin da kanka za ka gano su ba sai an lissafa maka ba. Mai jabu ba shi da mazubin kamfani. Abin da yake yi shi ne ya sayi na gaske guda ɗaya, ya kwance shi, ya ɗauki siffarsa ya haɗa sabon mazubi daga jikinsa, sannan ya dinga zuba roba. Ita kuma robar nan, PVC ce, in ta huce tana ɗan tsukewa, na gasken ya riga ya tsuke sau ɗaya a masana'anta, na jabun ya sake tsukewa karo na biyu, shi ya sa in ka tsayar da su kafaɗa da kafaɗa sau da yawa na bogin yakan ɗan fi ƙanƙanta ko kansa ya ɗan canza fasali. Sannan duk wani ƙaramin zane yana dusashewa, layin gashi, igiyar takalmi, ninkin riga, yatsu, a na gaske za ka ji kaifinsu da farce, a jabu sun yi laushi sun cuɗe da juna. Rubutun da ke ƙarƙashin ƙafa ko ƙarƙashin haɓa, wanda ke ɗauke da sunan Funko da shekara da sunan kamfanin da ke da haƙƙin mallakar hoton, shi ma haka, in zubi na biyu ne haruffan sukan kumbura ko su shafe. Wannan gyaransa na da tsada a wajen mai jabu, sai ya sassaƙa sabon mazubi na ƙarfe, kuma ba don ya kashe kuɗi ya shigo harkar ba. Kwali da sitika kuwa aikin injin ɗab'i ne kawai, araha ne. Shi ya sa ni a wajena jikin robar ya fi kwali gaskiya nesa ba kusa ba.

Amma tun kafin ka kai ga taɓa kayan, yi lissafi. Funko na gama-gari a shagunan Amurka dala 12 zuwa 15 ne, in ka ɗauki dala a naira 1,500 ka ga ya kama 18,000 zuwa 22,500 tun yana can bai hau jirgi ba, ba a sa kuɗin awo ba, ba a sa na fito ba, mai shago bai ɗora ribarsa da hayarsa ba. Labubu mai maƙalawa a jaka yuwan 99 ne a China, wajen dala 14, a Amurka kuma dala 27.99, kuma a 2025 ko a can ɗin layi aka dinga yi a rasa. To wani ya tare ka a gosulo ko a bakin Balogun ya ce kawo 6,000, wai shi a hannun dila ya samo da araha. Wane dila ne zai sayar ƙasa da kuɗin da ya saro? Araha dai ba ta ado. Sai dai kar ka juya lissafin ka ce tsada shaidar inganci ce, wannan shi ne tarkon da ya fi cin 'yan gayu, don mai wayo ya san in ya sa 6,000 za a zarge shi sai ya sa 45,000 ya ɗauki hoto mai kyau da fitila, kayan kuma kwantena ɗaya suka fito da na mai tallan gosulo. Ka kuma lura da yawa. Abin da aka daina bugawa shekara goma da suka wuce, masu tarawa a Amurka na nema ido rufe, sai ga shi wani na da katan guda a shago kowane sabo fil, ai ba sai an kira mai duba ba.

Kwalin Funko, duk da na ce shi ya fi sauƙin kwaikwaya, yana tona asiri in ka san inda za ka kalla. Mai jabu yawanci hoton kwalin gaske yake ɗauka ya sake bugawa, sai launi ya yi duhu ko ya yi fari fat, ƙananan rubutun ƙasan kwali su yi dishi-dishi, ɗige-ɗigen da ke cikin tambarin Pop! su cuɗe, farin layin da ya zagaye hoton 'yar tsanar a gaban kwali ya yi kauri a wani gefe ya sirance a wani. Lambar da ke saman kwali ta hannun dama ita ce lambar samfurin a jerinsa, rubuta sunan da lambar a manhajar Funko ko a shafin Pop Price Guide ka ga ko akwai shi ma a duniya, don akwai jabun da kamfani bai taɓa yin irinsa ba sam, launi ne kawai wani ya ga dama ya shafa ya ce na musamman ne.

A ƙasan kwalin akwai lambar ƙira, wani lokaci an buga ta da tawada, wani lokaci an danna ta a jikin kwalin sai ka karkata shi a haske za ka gani, wani lokaci 'yar sitika ce. Za ka ga haruffa kamar JJL ko DRM sai lambobi shida, shekara da wata da rana, akwai kuma masu farawa da FAC da suka fi tsawo. Galibi irin wannan lambar tana jikin robar ma, a tafin ƙafa ko ƙarƙashin kai, kuma ya kamata su yi daidai da ta kwali. A nan ake kama saɓanin da na faɗa. Abin da aka sayar a taron 2014 kaɗai ba zai zo da lambar ƙira ta 2021 ba. Haka adireshin da ke kwali, Funko sun koma ginin da ke 2802 Wetmore Avenue a 2017 ne, in lambar ƙira ta ce 2013 kwali kuma na ɗauke da wannan adireshin, wani ya yi ƙarya a cikinsu. Amma a kula, shekarar haƙƙin mallaka daban ranar ƙira daban, samfurin da ya yi kasuwa kamfani kan sake buga shi shekaru bayan fitowarsa, ganin 2014 a ƙafa da 2019 a lambar ƙira a irin wannan ba laifi ba ne. Sai ka san tarihin wanda ke hannunka tukuna za ka iya yanke hukunci.

Sitika kuwa kar ta ruɗe ka ko kaɗan. Ta Chase, ta shagon Hot Topic na Amurka, ta Comic-Con, duk ana sayar da na bogi a intanet a faifai guda, mutum ya ɗauki Funko na gaske na gama-gari ya manna masa ya ninka kuɗi. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan a wajen sayen atamfa, ba sa tsayawa kan takardar zinaren da aka liƙa, sai sun murza zanen sun juya bayansa sun duba bakinsa. In an ce Chase ne, nemo hoton Chase ɗin ka ga mene ne bambancinsa da na gama-gari, in babu wannan bambancin a jikin robar to sitikar kawai ka saya.

Fenti shi ne inda mutane suka fi zaluntar masu kaya na gaskiya. Funko kayan masana'anta ne da ake bugawa da yawan gaske, kuma kowa a harkar ya san fentinsu ba cikakke ba ne, za ka samu na gaske da ɗan fentin da ya zarce a gefen gashi ko ɗigon gam a wuya. Wannan kaɗai ba hujja ba ce. Abin dubawa shi ne launin kansa da wurin zaman abubuwa, fatar ta yi ja da yawa ko ta yi ɗorawa, idanu sun matso kusa ko ɗaya ya fi ɗaya sama, gira ta canza kusurwa, jiki na sheƙi alhali na gasken ba ya sheƙi. Sai wari, sabon na gaske na da ɗan warin roba, amma wanda ka buɗe kwali ya bugi hancinka da warin sinadari kamar an buɗe gwangwanin fenti, ajiye shi. Ga wata kuma da ba kowa ya sani ba, Funko na Marvel da Star Wars kawunansu kan sifirin suke suna rawa, saboda sharuɗɗan lasisin da aka ba kamfanin. In aka miƙo maka Spider-Man na wannan jerin kansa a kafe ƙam, ka ƙara bincike.

A Labubu abin da ya fi yawo shi ne ƙirga haƙora, na gaske 9 ne cif. Gaskiya ne, ka ƙirga, in ka samu 8 ko 10 magana ta ƙare. Amma in ka samu 9 ba ta ƙare ba don masu jabu ma sun iya ƙirge yanzu. Fuskar ta gaske launinta a kwance yake mai ɗan haske, ba ta ƙyalli, ta bogi takan yi lemo-lemo ko ruwan hoda mai ƙarfi, gashin jiki a na gaske laushi ne kuma ɗinkin inda fuska ta haɗu da gashi a tsaf yake, a jabu za ka ga gam ko gibi, kunnuwa sun wage nesa da juna, ƙafa ko hannu na lilo kamar zai cire. Tafin ƙafa na da tambarin Pop Mart, sababbin fitowa kuma suna da wani hatimi a ƙafa da ba ya bayyana sai an haska masa fitilar UV, irin wadda 'yan canji ke duba dala da ita, kuma mu dai ba a raba mu da 'yan canji a garin nan, ka roƙi ɗaya ya haska maka.

Batun lambar QR da ke kan sitika mai walƙiya a kwalin, nan ma akwai wasa. Mutum zai ce maka oga yi sikanin da kanka ka gani, ka yi, shafi ya buɗe ya ce orijina ne, hankalinka ya kwanta. Alhali shafin ma nasu ne, sun gina shi ya yi kama da na kamfani. Duba adireshin da ke saman burauzarka, ya zama popmart.com ne ƙarshen sunan ba wani abu mai kama da shi da aka ƙara wa harafi ko aka rage ba. Ko shafin na gaske ne ma, abin da ya tabbatar shi ne sitikar, ba abin da ke cikin kwalin ba, don ana samun kwalin gaske da aka fasa ta ƙasa aka cire na ciki aka sa Lafufu aka mayar da gam. Don haka ka duba ƙasan kwali da ledar ciki ko an taɓa buɗewa, katin da ke ciki kuma ya dace da kalar da ta fito.

Legas kanta tana da nata ruɗanin da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba. Zafi da laimar garin nan, musamman da damina, suna sa kwali ya yi laushi ya kumbura, ledar gaban kwali ta yi hazo, wanda aka jera a rana kuma launinsa ya koɗe cikin 'yan watanni. Ita ma PVC ana haɗa ta da wani sinadari mai sa ta laushi, in ta daɗe a rufe cikin zafi sai ya tsattsafo jiki ya yi danƙo, kuma wannan na faruwa da na gaske ma. Sannan masu kawo kaya ta jirgin sama kuɗin awo na cin su, wasu sukan cire kwalin ko su ninke shi don a rage girma, saboda haka rashin kwali ba lallai jabu ba ne. Sai dai darajarsa ta faɗi sosai a wajen masu tarawa, kar ka yarda ka biya kuɗin mai kwali, kuma ka san cewa babu kwali ita ce mafakar da mai jabu ya fi so don ta ɗauke masa rabin tambayoyin.

Sauran dangin a taƙaice, Bearbrick na kamfanin Medicom Toy na Japan da ya fara fitowa a 2001, girmansa a ƙayyade yake, na 100% santimita 7, na 400% santimita 28, na 1000% santimita 70, tef ɗin tela ya ishe ka fara bincike. Na Dragon Ball da One Piece da ake kawowa daga Japan kuma akan ga 'yar sitikar Toei mai hoton kyanwa a kwalin, ita ma dai ana kwaikwayonta.

Wani zai ce ni fa na san jabu ne, yarinyata ce ke kuka tana so, ba zan iya na 40,000 ba. Na fahimta, kuma wanda ya sayar da kwafi ya ce kwafi ne ya fi min wanda ya rantse da ƙarya sau dubu, don shi na biyun algus ya yi. Amma a san abin da ake miƙa wa yaro. A watan Agustan 2025 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka, CPSC, ta fitar da gargaɗi a kan Labubu na bogi cewa suna ɓallewa cikin sauƙi, ƙananan ɓangarorin na iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. A dokar Amurka sinadaran phthalate da ake tausasa roba da su ba za su wuce kashi 0.1 cikin 100 ba a kayan wasan yara, dalma a fenti ma an ƙayyade ta, mai jabu kuwa ba wanda ya gwada kayansa. Yaron da har yanzu komai baki yake kaiwa, a nisanta shi da su, a ja ido da ƙafa da hannu da ƙarfi a gani kafin a bai wa ko babba ne.

In ta intanet za ka saya, wanda yawancin cinikin nan a Legas haka ake yinsa, kar ka karɓi hoton da aka sauke daga shafin kamfani. Ka ce a ɗauko maka na hannunsa, gaba da baya da ƙasan kwali inda lambar ƙira take, da tafin ƙafa in a buɗe yake, a ajiye takarda mai kwanan watan ranar a gefe. Tambaye shi daga wane shago ya saro kuma ko akwai rasit ko imel ɗin oda, mai kayan gaske ba ya jin haushin wannan tambayar, hasali ma daɗi take masa don ita ke raba shi da masu ɓata masa kasuwa. Wanda ya fara ce maka Alhaji ba ka yarda da ni ba ne, ko akwai mutum uku na jira in ba ka tura yanzu ba, bar wa mutum ukun. In da hali ku haɗu a wuri mai jama'a ka duba da hoton na gaske a buɗe a wayarka, in kuma ɗan aike ne zai kawo daga Trade Fair ko Island zuwa Agege, ku yi yarjejeniya a rubuce a WhatsApp cewa sai ka buɗe ka duba za ka cika kuɗi, kuma ka ɗauki bidiyon buɗewar tun daga ledar waje ba tare da yankewa ba, don ko ƙorafi za ka kai FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, ko shugabannin kasuwa, shi za a fara tambayarka tare da shaidar tura kuɗin.